Ƙirgin Nyale

Wanda bai shaƙi warin filin kamfanin ƙiraga na Isa ba a shekarun farin nan, to kada ya ce mini ya san wari. Tun daga mashigin gulbin Bunsuru yake tarbar mutum, ya bi shi har cikin riga, ya wuni a gemunsa. Damina bayan damina ruwa ya yi ƙememe, gero ya ƙone tun bai kai gwiwa ba, shanu suka dinga zubewa a daji daga Turba har Tozai har kan iyaka. Ungulu ta ci ta ƙoshi har tashi ya gagare ta. Faɗuwar wani tashin wani, kuma wanda ya tashi a shekarun nan shi ne kamfanin Turawan nan mai sayen fata. Da can sai sun yi ciniki da mahauta. Yanzu kuwa masu fiɗa kawai suka watsa cikin daji da jakuna da wuƙaƙe, duk inda saniya ta faɗi a yaye mata fata a bar wa ungulu sauran. Tir da irin wannan arziki.

A can ƙarshen filin akwai ramin ruwan magani, inda ake tsoma ƙiraga don kada ƙwari su ci su a hanya. Cikin ramin nan wani dogon Bafulatani yake aiki, sunansa Illo, ya naɗe fuskarsa da rawani sai idanu kawai. Sauran leburori suna tsammanin wari yake karewa. Ba wari ba ne, tsoro yake kada wani ɗan rugarsu ya shigo sayar da fata ya gane shi. Makiyayi ɗan makiyayi tsundum cikin ruwan mushe, ai ko a mafarki ka gani sai ka tofar da yawu. Kuma ba yunwa ce ta kawo shi ba, ko da yake yunwar tana nan daram. Ƙirgi guda ɗaya tak yake nema.

Ga yadda abin ya faro. Da uban Illo ya rasu bai bar masa abin kirki ba. Sai Yari, aminin uban, dattijo mai garke a arewacin Sabon Birni, ya ɗaura masa habbanaye. Habbanaye ita ce saniyar da mai shi yake ba marar shi: ka yi kiwonta, ka sha nononta, ta haifa maka uku ka riƙe maruƙan, sannan ka mayar da uwar gida da godiya. Sunan saniyar Nyale, fara ce mai jan ɗigo-ɗigo, ga shaidar Yari ta wuta a cinyarta ta hagu. Illo ya fi tattalinta a kan shanunsa na kansa, don haka ake yi. In irin wannan saniya ta mutu da ikon Allah babu biya, babu zargi. Amma a dangin su Illo akwai sharaɗi guda: ko a mace sai ta koma gida. Ka feɗe ta da hannunka, ka kai ƙirgin ka shimfiɗa gaban mai ita, ya shafa ya ce Allah ya karɓi abinsa. Wanda ya zo hannu rabbana, to sayarwa ya yi, ko da me zai rantse, balle a shekarun da samari da yawa suka sayar suka ce mutuwa ce. Wanda kuma aka laƙa wa wannan suna, babu mai sake ɗaura masa ko tunkiya.

Yari yana cikin 'yan ƙalilan da suka tsira da wani abu, don ya kora garkensa fadama da wuri. Tun farkon fari ya aiko wa Illo cewa in abin ya yi muni ya zo, akwai karsanar da zai ɗaura masa. To, abin ya yi muni. Shanun Illo suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, maruƙan Nyale ma suka bi, ya zama saura ita kaɗai. A hanyar Tozai ta durƙusa ta kasa tashi. Illo ya yi mata inuwa da mayafinsa, ya ɗauki gora ya tafi neman ruwa, rijiyar da nisa, ga layi. Da ya dawo sai ya tarar da jan nama tsirara, ungulaye na rububi a kai. Wata mata mai tsinkar 'ya'yan anza, abincin yunwa, ta gaya masa mutanen kamfani ne da jakinsu, ta ce ita dai ta ga ƙafar baya tana motsi sa'ad da suka sa wuƙa. Illo ya zubar da ruwan goran a ƙasa. Ya kai matarsa Inno wajen iyayenta, ya kamo hanyar Isa.

Filin kamfani kuwa, ko gidan sarauta bai kai shi sanin na gaba da na baya ba. Bature manaja yana kan baranda ta gabas, inda iska take fara zuwa kafin ta ɗebo wari. Ƙarƙashinsa Malam Alhassan akawu, da teburinsa da hankicinsa a hanci. Sai Sodangi helma, shugaban leburori mai tsumagiya, wanda shi ma da can lebura ne amma ya manta. Sai masu sikeli, su ba su gaisawa da masu ɗaurin dila. Masu ɗauri ba su cin abinci da masu kankare nama. Masu kankara kuma, da suka duba ba su ga wanda za su raina ba, sai suka raina 'yan rami. Ko randar ruwa da wannan jeri ake shanta, 'yan rami su ne masu laka ta gindin randa. Abin haushin shi ne yunwa ɗaya ce ta tara su duka, ƙuda ɗaya ne yake tashi daga mushe ya sauka a bakin kowa, amma kowa yana taƙama da tazarar da ke tsakaninsa da ramin.

Illo shi ya roƙi a sa shi a ramin, don babu ƙirgin da zai bar filin bai bi ta nan ba. Ruwan yana cin hannu, farce ya yi baƙi ya ɓare, tsutsa tana iyo a sama. Shi dai duk ƙirgin da aka jefo sai ya juya shi ya duba cinyar hagu. Ya ga shanun mutane da yawa da ya sani, har ya kan kira sunayen masu su a zuci.

Mai nema yana tare da samu. Wata rana da hantsi aka jefo wani ƙirgi a naɗe, ya bushe ƙamas. Tun kafin ya warware shi ya ga ɗigon farko. Ya buɗe, ga ta nan, Nyale, ga shaidar Yari raɗau. Ya rungume ta ya fito daga ramin yana ɗigar ruwa, ya nufi inda Sodangi yake zaune yana cin goro.

“Helma, Allah shi ba ka nasara, wanga ƙirgi nawa na.”

Sodangi ya kece da dariya har goro ya fito masa ta baki. “Naka? Kai ɗan Fulani, yaushe ka yi ƙirgi cikin filin Bature?”

Illo ya haɗiye fulako ya gaya masa komai, tun daga habbanaye har hanyar Tozai. Bai taɓa roƙon wani abu wajen Bahaushe ba sai ranar. Sodangi ya saurara yana sosa kunne, idonsa a kan malfar Illo mai adon fata da ke rataye a jikin rumfa.

“To ji nan,” in ji shi. “Ran da raƙuma sunka zo kwasar kaya zuwa Ƙaura, za ni ce wanga ƙwari sun ci shi, in hidda maka shi gefe. Amma ka san hannu ɗaya ba shi ɗaukar jinka.”

Malfar ta koma kan Sodangi. Kwasar dagwalon gindin rami kuma, da ake yi bi da bi, ta koma kan Illo shi kaɗai. Bai damu ba. An jingine Nyale a lungun sito, kullum in ya wuce sai ya leƙa ya gan ta, ya ji sanyi a ransa.

Ana haka sai ga baƙo a motar kamfani daga Ƙaura. Wani siririn Bature ne mai jan wuya, da akwatin katako mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle. Malam Alhassan ya tara leburori ya ɗaga murya ta bayan hankici.

“Wanga Bature mai son talakawa na. Ya zagaya ƙasashe shina ɗaukar hoton masu aikin ƙarfi, masu haƙar kuza da masu shimfiɗa layin dogo, don mutanen ƙasarsu su ga wahalar da ake sha. Gobe ku zai ɗauka.”

Leburori suka ce madalla. Yawancinsu ba su taɓa ganin hoto ba, amma sun ji an ce mutum yakan fito yadda yake, har a kai shi ƙasar Turawa a gani. Wa zai yarda a kai shi ƙasar wasu da tsumma? Washegari kowa ya yi wanka da ɗan ruwan da ya samu, ya aro rigar Juma'a, wani har da kwalli. Suka jeru tsaf, ko kai ka gan su ka ce ɗaurin aure za su.

Mai son talakawa ya fito ya gan su, sai ya hau faɗa yana buga ƙafa. Wai shi gaskiya yake so. Aka ce kowa ya tuɓe ya mayar da tsummansa, wanda tsummansa bai yage sosai ba ya zauna ba riga. Wani dattijo mai kankara da ya wanke hannuwansa aka sa shi ya koma ya cusa su cikin ruɓaɓɓen nama. Baturen ya ga wani da haƙarƙari a waje, idanunsa suka kawo ruwa, wallahi hawaye na gaske, ya share su, sannan ya ce a gaya wa mutumin ya ja numfashi ya riƙe don haƙarƙarin su ƙara fitowa. Haka ya bi su ɗaya ɗaya, mai sikeli da sikelinsa, mai ɗauri da igiyarsa, yana shiga ƙarƙashin ƙyalle yana fitowa, yana tauna wani abu mai ƙamshi don kada ya yi amai. Illo ya lafe cikin rami yana addu'ar a manta da shi.

Da rana ta yi tsaka manaja ya sauko daga baranda, ya ce shi ma a yi masa nasa, na kamfani gaba ɗaya, kowa a matsayinsa. Aka fito da kujeru. Manaja a tsakiya, akawu a gefensa, helma a tsaye bayan kujera, masu sikeli da masu ɗauri a baya, masu kankara a tsugune. Sai manaja ya dubi ƙasa, ya dubi farin takalminsa, ya yamutsa fuska. Ƙasar kuwa ta cancanci haka, jini ne da gishiri da kashin ungulu. Ya ce a kawo abin shimfiɗawa. Sodangi, uban neman gindin zama, ya ruga sito da gudu, tsumagiya a hammata. Kuma cikin dubban ƙiragan da ke filin nan, wanne kake jin ya ɗauko? Wanda ya fi kowanne kyau mana.

Illo ya gani daga bakin rami. Bai san lokacin da ya fito ba.

“Helma, ba wanga ba. Don Allah ba wanga ba.”

“Rufe mani baki,” in ji Sodangi ƙasa-ƙasa. “Yanzu za a gama, mi za ya same shi?”

Aka shimfiɗa Nyale. Manaja ya ɗora takalmansa a gadon bayanta, akawu ya ɗora nasa a wuyanta. Mai hoto kuwa ba ƙirgin yake kallo ba, idanun Illo yake kallo ta tsakanin rawani. Ya tafa hannu, ya yi maganar da Alhassan ya fassara da cewa wannan shi ne mutumin da yake nema tun safe. Ya ce a kwance masa rawanin. Illo ya riƙe da hannu biyu, Sodangi ya fizge, fuskar da aka ɓoye wata da watanni ta fito fili. Aka durƙusar da shi a gaba, daidai ƙafafun manaja. Aka sa ya kama gefen ƙirgin da hagu, wajen cinya. Mai hoto ya ja baya ya duba, ya ce da saura, ya karɓi wuƙar wani mai kankara ya danƙa masa a dama.

To, a nan ne abin ya faru, kuma sai ka san Fulani za ka gane shi. Sa'ad da Illo yana saurayi ya shiga sharo a kasuwar Sabon Birni, Yari ne ya tsaya a bayansa. Kafin sanda ta sauka ya raɗa masa cewa kome zafinta, haƙori za ka ba ta. Ranar an tsaga masa haƙarƙari, jini har wando, yana murmushi, 'yan mata na guɗa. Tun daga ranar jikinsa ya haddace: in zafi ya kai maƙura a gaban jama'a, baki yakan buɗe da kansa. Yanzu ga shi a durƙushe ba rawani, ga takalmi a kan amanar aminin ubansa, ga filin kamfani duka na kallo. Zuciyarsa na tafasa, leɓɓansa suka ja baya, fararen haƙora suka fito reras.

Mai hoto ya yi ihu daga cikin ƙyalle.

“Ya ce ka bar dariya,” in ji Alhassan. “Baƙin ciki shika so.”

Illo ya yi ƙoƙari, Allah ya sani ya yi. Yana rufe bakin sai manaja ya gyara zama, takalmin ya murza ɗigon da ke kafaɗarta, bakin ya sake buɗewa. Mai hoto ya fito ya roƙe shi, ya kwaikwayi fuskar kuka ya nuna masa, a banza. Manaja ya ce rana na dukansa. Aka ce kowa ya tsaya cik, mai hoto ya cire murfin akwati ya mayar, shi ke nan.

Da aka tashi Illo ya miƙa hannu zai naɗe Nyale. Mai hoto ya riga shi tsugunawa, yana shafa ɗigon yana yaba kyansa. Manaja, da yake ba uwarsa ta haifa masa saniyar ba, ya ce ai kyauta ce, ya tafi da shi gida ya shimfiɗa a ɗaki. Illo ya waiwaya wajen Sodangi. Sodangi ya gyara malfa ya shiga yi wa masu ɗauri tsawa.

Sai Illo ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya sha gaban akawu. “Malam, ka gaya mashi. Ka gaya mashi duka.”

A yi wa Alhassan adalci, ya faɗa duka, bai rage ba. Kada wani ya ce Baturen mai hoto bai fahimta ba. Ya fahimta sarai. Ya saurara yana gyaɗa kai, idanun nan suka sake kawo ruwa, ya sa aka maimaita masa kalmar habbanaye har ya iya faɗa. Ya kama hannun Illo ya girgiza, ya ce bai taɓa jin al'ada mai kyau irin wannan ba, kuma yanzu ƙirgin ya ƙara daraja a wurinsa, duk baƙon da ya shigo gidansa sai ya ba shi labarin. Sannan ya goge hannunsa a wando, ya sa aka kai Nyale mota. Allah wadaran tausayin da ba ya sakin abin da ya riƙe.

Washegari kafin motar ta tashi mai hoto ya aiko a kira Illo. Ya wanke hotunan a bariki, ya zaɓo guda ya miƙa masa da hannu biyu, yana ta fara'a.

“Ya ce ƙirgi ƙwari ka cin shi,” in ji Alhassan, idonsa a ƙasa. “Hoto ba shi ruɓewa. Ya ce ga saniyarka.”

Illo ya karɓi 'yar takardar don kawai ya jefar in ya fita. Amma da ya duba sai ya fasa. Ga Nyale. Jan ɗigon ya koma baƙi, amma kowanne yana wurinsa, babban na kafaɗa, ƙananan na ciki masu bin juna, ga shaidar Yari a cinyar hagu, ta fito fes har ta fi ta ido. Makiyayi in ya hangi mutane da shanu, shanun yake gani, mutanen sai daga baya in an tuna masa. Illo ya daɗe yana kallon takardar nan, kuma na rantse maka ban da saniyar bai ga komai ba. Ya ce a ransa, ai ko wannan shaida ce, Baffa Yari zai gan ta da idonsa, ya san ban sayar ba, ya san na bi ta har inda ta ƙare. A rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Ya naɗe hoton a gefen rawani, bai yi wa kowa sallama ba, ya kama hanyar Sabon Birni yana jin kamar an sauke masa dutse.

Ya isa rugar Yari ranar kasuwa da la'asar, dattawa sun dawo suna zaune gindin aduwa. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, karo na farko cikin dogon lokaci, kowa na satar kallonsa ba ya son ya ambata. Yari ya hango shi tun daga nesa. Kafin ya ƙaraso, tsohon ya tashi da kansa ya shiga garke, ya kamo wata jar karsana ya ɗaure ta a turke kusa da tabarma da sabuwar igiya. Illo ya gani, ya ƙara sauri don murna.

Ya cire takalmi, ya durƙusa nesa kaɗan, aka yi gaisuwa mai tsawo, ta gida da ta daji da ta waɗanda aka rasa. Sannan Yari ya dubi hannuwansa, ya dubi kafaɗarsa, bai ga naɗin ƙirgi ba.

“Ɗana, ina Nyale?”

“Baffa, Allah ya karɓi abinsa a hanyar Tozai. Na kawo ta gida.”

Ya kwance gefen rawani, ya fito da hoton, ya shimfiɗa shi kan tabarma da hannu biyu yadda ake shimfiɗa ƙirgi, har da shafe gefe da gefe. Dattawa suka matso. Yari ya ɗauka, ya juya shi sama da ƙasa har ya daidaita, ya kai kusa da ido. Ya sa ɗan yatsa a kan cinyar.

“Ita ta,” in ji shi a hankali. “Ga wutata.”

Illo ya sauke ajiyar zuciya. Amma yatsan bai tsaya nan ba. Ya hau sama ya tsaya kan takalmin manaja. Ya gangara kan na akawu. Ya zo kan wata wuƙa, ya bi hannun da ke riƙe da ita, ya bi kafaɗa, ya tsaya kan wata fuska. Sai a lokacin Illo ya ga abin da ya ɗauko tun daga Isa ya kawo da ƙafarsa. Ga shi nan a durƙushe ba rawani gaban Bature, wuƙa a dama, fatar habbanaye a hagu, haƙora a waje kamar wanda ya ci riba a kasuwa.

Hoton ya zagaya hannun dattawa. Wani ya kau da kai ya tofar da yawu, wani ya goge yatsunsa a ƙasa bayan ya miƙa wa na kusa.

“Baffa, ba ni na feɗe ta ba. Wuƙar ba ni anka yi. Na bi ta har ramin kamfani, na same ta, sunka ƙwace.”

“Ban ce ka yi ƙarya ba,” in ji Yari.

“Dariyar kuwa, Baffa...”

“Na san ta. Ni na koya maka ita.” Tsohon ya ajiye hoton a kife. Muryarsa ba ta tashi ba, da ma ta tashi da ya fi sauƙi. “Amma na koya maka ita don filin da in an buge ka yau, gobe kai ka riƙe sanda. Wanga da ya taka saniyata, kana ba shi haƙori, yaushe za ka rama?”

A filin kamfani kuwa sanda hanya ɗaya take bi.

Yari ya dubi dattawa ɗaya ɗaya, ko wani zai ce wani abu. Babu wanda ya ɗago. Shi kansa ya san gaskiyar yaron, amma abin da aka gani an gani, kuma kafin kasuwa mai zuwa babu rugar da ba za ta ji ba daga nan har Turba. Ya dafa gwiwa ya tashi, ya taka zuwa turke, ya daɗe yana fama da ƙullin. Igiya ta saki. Jar karsana ta girgiza kai ta koma cikin 'yan uwanta.

“Ɗauki takardarka,” in ji shi, bai juyo ba. “Nyale ba ta zo gida ba.”

Illo ya ɗauka, ya yi sallama yadda ya kamata, ya sa takalmi. Ya bi ta gaban dattawa, ya bi ta gaban mata masu tatsa, kowa na kallonsa wani iri, bai san dalili ba. Sai da ya yi nisa a hanyar Isa, ɗigon ruwan farko ya faɗo masa a kan haƙori, sannan ya gane bakinsa a buɗe yake tun daga gindin aduwa.